Ni Ma Haka Aka Turo Mini

Mu dai a unguwar nan labari ba ya kwana a hannun mutum ɗaya. Kafin a fito daga sallar asuba wayoyi sun fara motsi a aljihu, kafin mai shayi ya hura wuta an riga an san abin da za a tattauna a kan benci. Wani ya zaro waya ya ce, "Kun ga abin da ya faru kuwa?" Sai a haɗa kai a kan 'yar fuskar wayar, a kalla, a yi salati, sannan kowa ya ce, "Turo mini." A cikin gida ma haka ne. Uwargida tana tankaɗe, waya tana gefe tana magana, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, me ake cewa ne?" Kafin a sauke koko labarin ya zaga layi uku.

In ka tambayi wanda ya kawo labarin inda ya samo shi, amsa ɗaya ce: "Ni ma haka aka turo mini." Wa ya turo? Yayansa. Shi yayan fa? A zauren WhatsApp na 'yan ajinsu na sakandare ya gani. Can kuma wa ya saka? Nan ake tsayawa, don babu wanda ya sani, babu kuma wanda abin ya dama. Muna ganin da zarar mun ce haka aka turo mana, mun sauke nauyi. Wani ma a ƙasan saƙon yake rubuta "kamar yadda na samu", wani ya ce "Allahu a'alamu", ya danna ya tura wa zaure biyar. Ni a ganina nauyin yana nan bai sauka ba. Wanda ya karɓa daga gare ka bai san asalin mai maganar ba, kai ya sani. Sunanka ya gani a sama, fuskarka ya tuna, mutuncinka ne ya sa ya yarda.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 2014 yana tune da daren gishiri. A ranar 20 ga Yuli na shekarar wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas da cutar Ebola a jikinsa, bayan kwana biyar ya rasu. Tsoro ya cika ƙasa. Masu musabaha suka rage, aka ce namijin goro magani ne, ya yi tsada a kasuwa. Sai daren Alhamis wayewar Juma'a, 8 ga Agusta, wayoyi suka fara ƙara tun tsakar dare. Uwa ta kira ɗanta da ke Kaduna, ɗan ya kira ƙanwarsa da ke aure a Gusau, ita kuma ta buga wa maƙwabta ƙofa. "Ku tashi ku dafa ruwa, ku zuba gishiri, ku yi wanka kafin gari ya waye. Ku sha, ku ba yara." Gidaje da yawa an tashi an hura wuta cikin duhu, ga damina, ga sanyin asuba, an tashi yara daga barci an cuɗa su da ruwan gishiri suna kuka. Ba masu ƙaramin karatu kaɗai suka yi ba. Ma'aikatan gwamnati sun yi, malaman makaranta sun yi, ɗaliban jami'a sun yi. Da gari ya waye ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ce babu wannan magana, amma mai aukuwa ta riga ta auku. Jaridu sun ruwaito aƙalla mutum 2 sun mutu, an kwantar da wasu kimanin 20 a asibiti, don mai hawan jini in ya ɗirka wa cikinsa gishiri ya jawo wa kansa babbar masifa.

Cutar kanta ko Arewa ba ta zo ba. A Legas da Fatakwal ta tsaya, ta kama mutum 20, ta kashe 8, ciki har da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta hana Sawyer fita daga asibiti ya shiga cikin jama'a. Abin da ya tsayar da ita shi ne ma'aikatan lafiya da suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna zuwa gidajensu kullum suna auna zafin jikinsu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba. Gishiri bai tsare kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da daren nan shi ne, duk waɗanda suka yi ta kiran waya babu mugu a cikinsu. Uwar da ta kira ɗanta ƙarfe uku na dare ƙauna ce ta tashe ta. Maƙwabcin da ya buga ƙofa haƙƙin maƙwabtaka yake ganin yana saukewa. Mun tashi da jin cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, kuma wanda ya ji abin cutarwa ya yi shiru bai kyauta wa ɗan'uwansa ba. Ɗabi'a ce mai kyau, ba na so mu rabu da ita. Sai dai masu ƙirƙirar ƙarya sun gane cewa ta nan ake shigar mu. Shi ya sa kusan duk saƙon bogi da zai zo maka da Hausa, a ƙarshensa za ka ji "don Allah a tura wa 'yan'uwa", ko "ka ceci rai", ko "kada ya tsaya a wajenka". Zumuncinmu suke hawa, mu kuma muna ɗaukar su kyauta, da kuɗin datarmu.

Saƙon murya ya ƙara wa abin ƙarfi. Da can sai wanda ya iya karatun boko yake shan wannan guba kai tsaye, yanzu ko gwaggo da ke ƙauye, muddin jikanta ya bar mata waya, ta shiga layi. Kuma masu yin irin wannan saƙo sun san aikinsu. Murya ce a natse, ta fara da cikakkiyar sallama, ta yi addu'a, ta ce "'yan'uwana". Sannan ta ce, "Wani ƙanina soja ne, yanzu muka gama waya da shi." Ko kuma, "Wata likita ce ta ja ni gefe ta gaya mini." Ku saurara da kyau, ba za ku ji sunan mai maganar ba, ba sunan ƙanin, ba sunan asibitin, ba unguwa, ba kwanan wata. Sai "jiya" da "ɗazu". Wannan jiyan kuwa ba ta tsufa. Saƙon da ya tayar mana da hankali bana, in an bincika, shi ne wanda ya tayar wa mutanen Jos ko Maraɗi hankali shekara biyu da suka wuce, yana nan yana cewa jiya.

Mu mutanen rediyo ne. Tun 1957 sashen Hausa na BBC yake magana a kunnen iyayenmu, ga Muryar Amurka, ga ta Jamus, ga Rediyon Kaduna, daga baya tashoshi masu zaman kansu suka cika gari. A majalisa in gardama ta yi zafi, wani ya ce "a rediyo na ji", an kashe magana. Maƙaryatan yanzu sun san haka, sai su ɗauki tambarin gidan rediyon su liƙa a kan rubutun da suka ƙaga. Mu kuma da mun ga tambarin sai mu sallama, alhali rediyon tana nan a rataye a kafaɗar baba mai gadi. In da gaske wani babba ya rasu, ko an yi juyin mulki, ko an rufe iyaka, ai za a faɗa a labaran rana, a maimaita da dare. Jiran awa uku ne ya gagare mu.

Kada kuma mu ɗora wa waya laifin duka, halin ya girme ta. Manyanmu suna tune da wata takarda da ake bugawa ana rabawa a ƙofar masallaci, wai wasiyyar wani Shehu Ahmad mai hidimar kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wai ya yi mafarki, wai wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi masifa za ta same shi. Malamai da dama, ciki har da Shehi Bin Baz na Saudiyya, sun yi bayani cewa ƙarya ce tsagwaronta. Ba ta mutu ba, daga takarda ta koma waya, yanzu "tura wa mutum goma" ake cewa.

Jita-jitar da ta fi yi mana ciwo ita ce ta allurar shan inna, kuma a nan dole a yi wa mutanenmu adalci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka yi gwajin da su, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. To mutumin da wannan ya faru a garinsu, in aka zo aka ce masa ɗigon da ake bi gida-gida ana ba yara kyauta an sa masa maganin hana haihuwa, ba sai an sha wahala ba zai yarda. Ga kuma tambayar da kowa yake yi a lokacin, wadda har yau tana da nauyi: me ya sa zazzaɓin cizon sauro yake kashe mana yara sai mun sayi magani, wannan kuma har ɗaki ake kawo shi? Haka aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003, aka shafe watanni masu yawa, sai tsakiyar 2004 aka dawo da shi bayan an samo maganin daga Indunusiya. A wannan tsakanin cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafa a shekarun nan yanzu magidanta ne da matan aure, muna tare da su a unguwa, muna ganin yadda suke fama. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, yawancinsu mata masu neman abin da za su ciyar da iyali.

Tabon Trovan gaskiya ne, maganar hana haihuwa ƙarya ce, kuma ƙaryar a kan tabon ta zauna. Yawancin jita-jitar da take kama mu haka take, tana neman inda aka taɓa cutar mu ne ta dafa. Ku kuma lura da yadda aka shawo kan lamarin. Sanarwar Abuja ba ta yi ba. Sai da sarakuna suka shiga, Sarkin Musulmi ya ja gaba, hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka riƙa miƙa 'ya'yansu ana ɗiga musu a gaban jama'a, sannan iyaye suka buɗe ƙofa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Bakin da muka yarda da shi ne ya ɓatar da mu, bakin da muka yarda da shi ne kuma ya dawo da mu hanya.

Su ma mahukunta suna da nasu kason. A Nuwamban 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda, aka bar ƙasa makonni babu gamsasshen bayani, har sai da aka ji muryarsa ta waya a BBC cikin Janairun 2010. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi doguwar jinya a Landan, zuwansa na biyu ya haura kwana 100, ba a faɗi abin da ke damunsa ba. Daga nan aka ƙago cewa ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan ya maye gurbinsa, Nnamdi Kanu ya yi ta yayatawa, har sai da Buhari da bakinsa ya musanta a ƙasar Folan a Disamban 2018. Allah bai karɓi ransa ba sai 13 ga Yulin 2025. Ko a Oktoban 2019 mun ga katin gayyata yana yawo a waya, wai za a ɗaura masa aure da minista Sadiya Umar Faruk bayan sallar Juma'a. Mata sun yi ta muhawara a kan abin da uwargida za ta yi, maza suna lissafin sadaki. Juma'a ta zo ta wuce babu aure. Mun yi dariya an watse, amma akwai mace mai mutunci da iyali da aka yi kwanaki ana jan sunanta a bakin duniya, ban ji wanda ya koma ya ce a yafe masa ba.

Akwai kuma wani sabon hali da ya shigo mana wanda iyayenmu ba su san shi ba, wato rige-rigen sanar da mutuwa. A al'adarmu labarin rasuwa ba kowa ake ba ya kai ba. Dattijo ake nema mai natsuwa, ya je ya zauna, a gaisa, ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya kawo nasiha, sannan a hankali ya faɗa. In mace tana da ciki ko tsoho yana da ciwon zuciya, a san yadda za a bi da su. Yanzu mota za ta yi haɗari a hanyar Zariya, kafin a ciro mutane wani ya ɗauki hoto, ya ciro katin shaida daga aljihun mamaci ya ɗauka, ya saka a Facebook. Matar mutum tana tsakar gida tana wanki za ta ga gawar mijinta a wayar 'yar maƙwabta. Wannan in labarin gaskiya ne ke nan. Sau nawa aka kashe 'yan fim da malamai da sarakuna a waya suna raye, har sai mutum ya fito a bidiyo ya ce ga shi da ransa? Kafin ya fito, mahaifiyarsa ta riga ta sha kukan da ba za a iya mayar mata ba. Wanda ya fara sakawa kuwa abin da yake nema kawai a ce a wajensa aka fara ji. Wasu kuma kuɗi suke nema, don yawan masu kallo da masu bibiya ya zama abin da ake ci da shi a Facebook da TikTok, kuma labarin tashin hankali ya fi kowane jan jama'a.

Har jini abin yana zubarwa. A ƙarshen Yunin 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, an kashe mutane da yawa, wannan gaskiya ne. Amma cikin hotunan da suka riƙa yawo a Facebook ana cewa daga can aka ɗauko, akwai na wani jariri da aka sassara, wanda binciken BBC ya gano cewa tun watanni kafin hare-haren yake a Facebook, da bidiyon wani mutum da aka fasa wa kai, wanda a Kwango Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Samari suka ga hotuna, zuciya ta ɗebe su, suka tare hanya. Ranar 24 ga Yuni aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe su, matafiya da 'yan kasuwa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. 'Yan sandan jihar da kansu sun ce hotunan sun rura wutar.

Muna jin wannan muna cewa Allah ya isa, kuma da gaskiyarmu. To amma mu duba namu wayoyin. Hoton nan na sufayen addinin Buda tsaye a kan tarin gawarwaki, wanda ya zaga zaurukanmu ana cewa Musulmin Burma ne suka kashe, na girgizar ƙasa ne da aka yi a yankin mutanen Tibet na ƙasar Sin a 2010, sufayen aikin ceto suka je. Hoton ƙonannun mutane jere a ƙasa kuma na tankar mai ne da ta fashe a garin Sange na Kwango Kinshasa a Yulin 2010. Hoton nan guda an yi amfani da shi an ce Kiristoci ne Musulmi suka ƙona a Najeriya, an kuma yi amfani da shi an ce Musulmi ne aka ƙona a Burma. Zaluncin da aka yi wa Musulmin Burma 'yan Rohingya gaskiya ne, fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash daga 2017. Ba sa bukatar mu yi musu ƙarya. Duk hoton bogi da muka tura da sunan taya su kuka, makami ne muka miƙa wa mai cewa duka labarin ƙage ne.

Haka batun satar yara. A 2019 'yan sanda sun gano yaran Kano 9 da aka sace aka kai Onica, kowa ya ji zafin abin. Tun daga nan duk saƙon da ya ce ana satar yara a unguwa kaza yana samun kunne. A kula da yara, wannan wajibi ne. Amma baƙon da ya tsaya tambayar hanya, ko matar da take da taɓin hankali tana yawo, in aka yi musu ihu saboda wani saƙon murya da aka ji da safe, kafin a gane gaskiya an illata su. Mun ga irinsa a Abuja a 2023 da maganar satar mazakuta, aka yi ta dukan mutane a titi ana ɗauka a waya, likitoci su duba mai ihun su ce lafiyarsa ƙalau.

Na 'yan damfara ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya san wani da aka wanke. Saƙo ne zai zo wai gwamnati tana raba tallafi, ka latsa nan, ka sa lambar BVN, ka faɗi lambar da banki zai turo maka, ka tura wa zaure biyar kafin sunanka ya fito. Wanda ya turo maka kuwa amininka ne, so yake kai ma ka samu. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana iya ɗaukar muryar malami ko gwamna a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, har da motsin baki. Da muna cewa gani ya kori ji, yanzu ganin ma sai an bi shi da tambaya.

Masu manhajar sun ɗan taɓuka. Bayan an kashe mutane a Indiya a kan jita-jitar satar yara, WhatsApp ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ta faɗaɗa dokar zuwa duniya a Janairun 2019. A Afrilun 2020, lokacin korona, ta ce saƙon da ya sha yawo wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda. Irin wannan saƙo yana zuwa da 'yan kibiyoyi biyu a samansa, ku riƙa dubawa, alama ce ta cewa ya bi hannaye da yawa kafin ya iso. Akwai kuma masu aikin tantance labari irin su Dubawa da Africa Check. Amma ba su cikin zauren gidanmu, ba sa jin abin da gwaggo ta tura wa inna. Gwamnati kuma in ta tashi gyara, ni tsoro take ba ni. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jita-jita ba ta ragu ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa mun ga yadda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar mahukunta da ita. Gyaran da zai yi aiki a cikin gida yake.

A cikin gidan kuma abin da yake ɗaure mana hannu kunya ce. Zauren dangi ne, kawu ya saka saƙo cewa wani ganye yana warkar da ciwon suga, a daina shan maganin asibiti. A zauren akwai 'yar ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya, akwai ɗan wansa da ya karanta haɗa magunguna. Duk sun san maganar tana iya kashe mutum. Babu mai cewa uffan, don kada a ce yaron nan ba shi da ladabi, boko ya buɗe masa ido yana ƙaryata manya. Sai ma ka ga ana jera "Allah ya saka da alheri, Kawu". A cikin masu karantawa kuwa akwai baba ƙarami da yake fama da sugan, kuma ya gaji da sayen magani. Girmama manya gadonmu ne, amma shirun da zai sa a ɗauki baba ƙarami ranga-ranga zuwa asibiti ba girmamawa ba ne.

Hanyar tana nan, kuma ba sai an kunyata kowa ba. Ba a cikin zaure ake yi ba. Kira za ka yi, ko ka taka ka je bayan la'asar, ka durƙusa ku gaisa, ka ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, saƙon nan na ɗazu na tambayi likitoci, sun ce akwai haɗari a ciki. Na ga in daga bakinku gyaran ya fito, an fi ji." Dattijo mai hankali zai ji daɗi, don ka bar masa girmansa, ka kuma ba shi damar ya zama shi ne mai gyara. Abin da ya rage shi ne komawar. Mukan tura ƙarya wuri biyar, in gaskiya ta fito sai mu yi gum, ko mu share saƙon a ɓoye. Waɗanda suka karɓa daga gare mu suna nan da shi, sun ma tura gaba. Duk inda ka kai na farko, nan ya kamata ka kai na biyu: "Jama'a ku yi haƙuri, abin da na turo ɗazu ba gaskiya ba ne."

Ai mu ba baƙin bincike ba ne. In za mu aurar da 'ya, sai mun aika an tambayo asalin yaro, sana'arsa, abokansa, masallacin da yake salla, har garin kakansa ana zuwa. Ba ma cewa haka aka turo mana shi. Addininmu ma a kan haka ya ginu. Aya ta 6 a Suratul Hujurati umarni ce da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Suratun Nur ta tsawatar wa waɗanda suka riƙa karɓar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki suna ganin abu ne mai sauƙi. Malaman hadisi irin su Imam Bukhari sun yi tafiye-tafiye masu nisa a kan tambaya ɗaya, wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, kuma mutumin kirki ne? Yaranmu suna koyon wannan a Islamiyya da yamma, su dawo gida su tarar muna tura maganar da ba ta da uba.

Don haka ina roƙon limamanmu su riƙa taɓo maganar nan a huɗuba da bayan sallar magariba, musamman in kakar zaɓe ta ƙarato ko an ji ƙishin-ƙishin rikici. Masu riƙe da zauruka su sa ƙa'ida cewa duk wanda zai saka labarin mutuwa, ko magani, ko hari, ya faɗi wanda ya gaya masa da garin da abin ya faru da ranar, in babu a cire. Ku kuma iyayenmu, Kawu da Gwaggo da Baba da Inna, in ɗanku ya zo ya durƙusa ya ce saƙon nan ba gaskiya ba ne, don Allah ku saurare shi, ku koma zauren ku janye da bakinku.